Haƙƙin dabbobi: ilimi ne ko maganar masu ƙoshi?

Baban Zainab: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ranar kasuwa wasu ɗaliban jami'a sun zo Alkaleri da malaminsu da lasifika, wai wayar da kai kan haƙƙin dabbobi da muhalli. Kada a yi wa jaki lodin da ya fi ƙarfinsa, kada a sa wa mushe guba, kada a sare itace don gawayi. Ni dai na ce maganar masu ƙoshi ce. Wanda mudun masara ya gagare shi, shi za a ce ya tausaya wa jaki? Aƙidar Turawa ce kawai aka kwaso mana.

Malam Idi: Wa alaikumus salam. Alhaji, a yi hattara da wannan kalma. Matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba, hadisinta na cikin Buhari da Muslim. Mahauci ma an umarce shi ya wasa wuƙa ya hutar da abin yanka. Wane Bature ne ya koya mana wannan?

Baban Zainab: Allah gafarta Malam, ban ja da hadisi ba. Amma su ba hadisi suka kawo ba. Takardun da suka raba ma da Turanci ne, a gabana mai ƙosai ta tattara su tana naɗe wa yara.

Kawu Dauda: Ku bar batun jaki. Gonata tana bakin dajin Yankari. Bara dawa ta fid da kai, dare ɗaya garken giwaye ya ratsa ta ciki. Da asuba na tarar da kara a kwance, ga sawu kamar faifai, ga kashi har yana tururi. Ko rabin buhu ban ɗauka a wannan ɓangaren ba, kuma ba wanda ya zo ya yi mini jaje. Sai yaro ya zo da rigar makaranta ya ce mini giwa dukiyar ƙasa ce. Dawata fa, dukiyar wa ce?

Anti Ladi: Allah ya mayar da alheri, Kawu. Gaskiyarka, kuma nan ne ya kamata jami'a ta nuna ƙwarewarta. A Kenya an gwada jera amya a kewayen gona, domin giwa na tsoron zuma, manomi kuma ya samu abin sayarwa. Wasu na amfani da hayaƙin barkono. Da a gonarka suka gwada irin wannan, da ba ma wannan muhawarar.

Kawu Dauda: To su zo su kafa, ni zan ba su fili da ruwan sha.

Anti Ladi: Amma Alhaji, batun guba ba na masu ƙoshi ba ne. Yaushe rabonka da ganin ungulu a kan rufin mayanka? Tun 2015 aka sa irin ungulun da muka saba gani cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Guba na kashe su, masu neman kawunansu don tsibbu na kashe su. A Indiya, wani maganin shanu mai suna diclofenac ya kusan ƙarar da ungulayensu tun daga shekarun 1990, mushe ya rasa mai ci, karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya biyo baya. Talaka ne mahaukacin kare ke fara cizo.

Malam Idi: Jakin ma haka. Fatarsa ake kwasa zuwa ƙasar Sin ana haɗa magani, har Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka shi don fata a watan Fabrairun 2024. Mai ɗiban yashi da mai kai taki gona su ne ke kuka da tsadarsa, ba farfesa ba.

Baban Zainab: Na ji na ungulu. Gawayi fa? Kilo na gas nawa yanzu? Bauchi na cikin jihohi 11 na shirin Great Green Wall, wato na dasa itatuwa don tare kwararowar hamada, muna jin sa a rediyo, amma uwargida da me za ta dafa tuwon dare?

Anti Ladi: Wannan kam ba ni da amsar da za ta ƙosar da kai. Murhu mai tsimin itace na rage ci, bai hana sara.

Kawu Dauda: Ladi, ke da kike da hanya da 'yan jami'ar, ki gaya musu damina ta kusa. In za su dawo, su taho da mai jin Hausa, su kuma bar lasifikar a gida.