Hadarin nan tahowa yake ko wucewa? Abin da kowa ya gani a zanen Thomas Cole

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan ina komawa kan zanen "The Oxbow" da mai zane Thomas Cole ya yi a 1836, wanda ya nuna kogin Connecticut na Amurka daga saman dutsen Holyoke. Hagu kurmi ne da baƙin hadari, ga wata bishiya a karye. Dama kuwa gonaki ne shar, rana ta haska su, kogin ya yi lanƙwasa kamar zobe. Ni dai ƙirjina nauyi yake yi in na kalle shi, na kasa gane dalili. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli zanen nan, me ya ji?

Wata malamar zane: Wa'alaikumus salam. Na gan shi ido da ido a gidan tarihi na Metropolitan da ke New York. Faɗinsa ya kusa mita 2, kuma abin da waya ba ta nunawa shi ne kaurin fentin wajen bishiyar nan. Na yi kusan minti goma kafin na hango mutum a ƙasa, tsakanin duwatsu da ganye: Cole ne da kansa, da hula, yana zane, ya waiwayo yana kallona. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Lemarsa na can gefe a kafe, kanta ya miƙa wajen kogi. A cikin dajin ya zaunar da kansa, kuma wannan ya sauya mini komai.

Wani ɗalibi: Malama, ni natsuwa na samu. Cikakken sunan zanen ma na Turanci ya ce bayan ruwa ne, hadarin ya wuce. Idona daga dama ya shiga, ya huta a gonakin.

Wani dattijo: Ɗana, sake duba tsaunukan da ke can nesa, za ka ga inda aka sare itatuwa, kamar tabo a fata. Da na lura da su, hasken nan ya daina yi mini daɗi. Shekara 6 kafin zanen, a 1830, aka kafa dokar tayar da 'yan asalin ƙasar daga gabashin Amurka. Tun da na haɗa biyun, in na kalli hadarin yana janyewa sai in ga dajin ne ake kora.

Mai tambaya: Baba, ka taɓo inda yake yi mini ciwo. Yanzu na rufe rabin dama da tafin hannuna, tsoro ya kama ni. Na rufe hagu, sai kewa. Ashe nauyin yana kan layin da suka haɗu ne. Malama, tsuntsayen da ke bakin hadarin fa, a asalin zanen ana ganinsu sosai?