Wace kalma za mu tsayar wa architect a Hausa?

Jama'a, duk lokacin da aka sanar da wanda ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar fannin gine-gine ta duniya, sai ka ga kowace kafar yaɗa labarai da sunan da take kiran sana'arsa. Wannan ta ce injiniya, waccan ta ce magini, wata ta ce mai zanen gini. A 2022 da Francis Kéré na Burkina Faso ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci ta, haka aka yi ta dambarwa. Ya kamata mu tsayar da magana ɗaya.

Injiniya dai a ajiye shi gefe, aikinsa lissafin nauyi da ƙarfin rodi da kankare. Magini kuma shi ne mai ɗora tubali.

Mai zanen gini ya fi yawo a bakin mutane, amma ni bai gamsar da ni ba. A Zariya ko Damagaram idan ka ce mai zane, hankali zai tafi ga wanda ke ƙawata fuskar zaure da dagi. Sannan zane ƙaramin yanki ne na aikin. Ku dubi makarantar firamare da Kéré ya kammala a ƙauyensu Gando a 2001: bangon tubalin ƙasa ne, ya ɗaga rufin kwano sama da silin ya bar sarari a tsakani, zafi na fita ta sama, iska na ratsa aji ba fanka. Wannan tunani ne a kan rana da iska da aljihun mutanen ƙauye, tun kafin a ja layi a takarda.

Shi ya sa na tsaya a kan mai tsara gini, fannin kuma ilimin tsara gine-gine. Tsari ya haɗa inda ƙofa za ta kalla, da kayan da za a yi aiki da su, da yadda mutane za su zauna a ciki. Gwada shi: Mariam Issoufou, mai tsara gini 'yar Nijar, ita da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa. Sunan ya zauna daram, kuma mace da namiji duk ya ɗauke su.

Wani malami ya ce mini ai muna da gwani, tun Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Allah ya gafarta Malam, na yarda, sai dai gwani daraja ce, ba a ba wanda ya fito jami'a jiya. A bar wa irin su Falke Barmu, wanda masallacin da ya gina a Yama, jihar Tawa ta Nijar, ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986, da shi Kéré ɗin.

Masu aikin jarida, ku fara sa mai tsara gini a kanun labarai mu ji yadda zai faɗa a kunne.