Taronpet ɗin ƙanena da kilabiyena sun ƙi haɗuwa

Ɗan Birni: Salamu alaikum 'yan uwa. Na buga waƙa a kilabiyena Yamaha (piyanon lantarki), na fidda MIDI, wato fayil ɗin notocin, a kile USB, na buɗe a MuseScore, lojisiyel ɗin rubuta kiɗa, na bugo ma ƙanena partishon, wato notocin a takarda, shi taronpet yake busawa a fanfar. Jiya bayan la'asar muka zauna a zaure mu gwada tare, wallahi kamar ana yanka akuya, ni ina Do shi yana wani wuri can, kuma ya rantse abin da ke takarda yake bi. Lojisiyel ɗin ne ko kunnen yaron?

Mushe Solfej: Wa alaikumus salam. Bar yaro, ba shi da laifi. Taronpet ɗinsu ta Si bemol ce, in ya ga Do a takarda ya busa, Si bemol ke fita, ton guda ƙasa da kai. MIDI kuma ba ruwanshi da wannan, lamba kawai yake ajewa, 60 shine Do na tsakiya ko wa ya buga. Na tabbata layin notocin naka a matsayin piyano ya shiga MuseScore tunda da sautin piyano ka ɗauka, shi ya sa ba a juya komi ba. Danna dama a kan layin, shiga kaddarorinshi, ka canza kayan kiɗan zuwa taronpet Si bemol, da kanshi zai ɗaga waƙar ton guda a takarda, ta koma Re da diyez (alamar #) biyu, fa da do. Amma ka duba Concert pitch can ƙasa, maɓallin da ke nuna notoci ba a juya su ba, a kashe yake kafin ka bugo, in ba haka ba takardar jiya za ka sake samu.

Mai Gita Zango: kuma kar ka ɗaga notocin da hannu sannan ka canza kayan, ni na taɓa yi, sau biyu ya hau, har yau mai saksofon ɗinmu yana min tsiya

Ɗan Birni: Mushe Allah ya saka, ya zauna daram! Saura ganguna, sun fito min notoci barkatai kamar piyano. Kuma algaita fa, ina son irin ta ƙofar Sarki.

Mushe Solfej: Ganguna kanal 10 ake sa su a General MIDI, tsarin sautukan MIDI na bai ɗaya, ka sake fiddawa a nan. Algaita kam babu ta cikin sautuka 128 na tsarin, tun 1991 aka tsara su. Shanai, algaitar Indiya, lamba 112 ta ɗan yi kusa, amma kar ka kunna ma masu algaitar fada, dariya za su yi maka.