Takardar hoton zuciyar ɗana ta hana ni barci

Maman Ɗan Auta: Assalamu alaikum. Ɗana watansa uku, kilo 6. Ranar rigakafi likita ta saurari ƙirjinsa ta ce ta ji 'yar ƙara, aka tura mu hoton zuciya, wato eko. Man nan mai sanyi na taɓa ƙirjinsa ya tsandara kuka, sai da na sa masa nono aka samu aka gama. An ce lafiya lau, amma na duba takardar: faɗin ɗakin zuciya na hagu na ƙasa santimita 2.3, alhali a intanet na ga na babba ya haura 4. Ga EF 68%, Z +0.4, ga kuma PFO. Zuciyar ta yi ƙanƙanta ne? Ina sauran kashi 32 ɗin?

Mai Ɗaukar Eko: Wa alaikumus salam. Hajiya, kwantar da hankalinki, ma'aunin manya kika ɗauko. Zuciyar yaro da girman jikinsa ake gwada ta, shi ya sa muke fara auna tsawo da nauyi. Abin da Z ke faɗa ke nan: sifiri shi ne tsaka-tsakin yara masu girmansa, daga -2 zuwa +2 duk daidai ne. Naki kusan a tsakiya yake.

EF kuwa ba makin jarrabawa ba ne. Kason jinin da ɗakin ke turawa ne a bugu ɗaya, kuma zuciya ba ta juye jininta kaf. Daga 55 zuwa wajen 70 muke so.

Uwar Tagwaye: 'Yar'uwa, PFO ɗin nan ni ma ya sa ni kuka. Ashe 'yar ƙofa ce tsakanin ɗakunan sama, kowane jariri da ita yake rayuwa a ciki, tunda huhu bai fara aiki ba. Ta ɗaya daga cikin nawa ta rufe kafin ya shekara.

Mai Ɗaukar Eko: Haka ne. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ma da ita yake girma bai sani ba. Ki sa wa yaron ido fiye da takardar: in yana zufa ko haki wajen shan nono, ko leɓensa ya yi shuɗi, ko nauyi ya tsaya, kada ki jira ranar da aka ba ki.

Maman Ɗan Auta: Allah Ya saka da alheri. Shan nono kam, ni ce nake gajiya kafin shi.