Masu kula da netwok, yaya kuke binciken rajistar ayyuka?

Sabon shiga: Assalamu alaikum. Wani ya taɓa saitin suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis da juna) a wurin aikinmu, rabin ofis ya rasa intanet. Na buɗe rajistar ayyuka (inda ake rubuta duk abin da ya faru a na'urori da lokacinsa) a manhajar da muke kula da netwok, na tarar da layuka ba iyaka. Da ƙyar na gano inda aka yi sauyin, amma sunan da ke gefensa "admin" ne, kuma da shi dukkanmu muke shiga. Kowa ya ce ba shi ba ne. Ku da kuka daɗe a harkar, ta ina kuke farawa?

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam, ƙanena. Wannan asusun na gayya shi ya ɗaure maka hannu. Ku buɗe wa kowa nasa tun yau. Ni kuma abin da ya fi ba ni wahala agogo ne. Na taɓa bin wata matsala tsakanin rauta (na'urar da ke haɗa netwok da wani netwok) da sabar (kwamfutar da ke yi wa sauran hidima), sai na ga rautar tana rubuta 1 ga Maris, 1993. Haka tsofaffin na'urorin kamfanin Cisco suke yi idan sun tashi ba a saita musu lokaci ba. Sabar kuma tana bin UTC (lokacin bai-ɗaya na duniya), manhajar tana nuna lokacin gida. To ta yaya za ka san abin da ya riga wani faruwa? Sai da muka haɗa komai da NTP, tsarin da ke daidaita agogon na'urori, sannan labarin ya jeru. Yanzu kafin in karanta layi ɗaya, sai na duba agogon na'urar.

Mai tsaron sabar: Gaskiya ne, Malam. Ni tacewa nake fara yi. Syslog, tsarin da na'urori ke rubuta rajista da shi, yana da matakan tsanani daga 0 zuwa 7, 0 shi ne mafi tsanani, 7 kuma surutun gyara ne kawai. Nakan ɗauki 0 zuwa 4, in taƙaita lokacin zuwa minti goma kafin a fara kuka, sannan in nemi sunan na'urar. Amma a lura, sauyin saiti a Cisco mataki na 5 ne, don haka wanda ya tsaya a 4 ba zai gan shi ba. Naka, sabon shiga, irin wannan ne.

Injiniya: Namu ya fi ciwo. Rauta ta daskare, wani abokin aiki ya kashe ta ya kunna, rajistar da ke cikin ƙwaƙwalwarta ta tafi baki ɗaya. Tun daga nan muke tura komai zuwa sabar daban. Sai dai hanyar da ake turawar da ita, wato UDP a tasha 514, ba ta tabbatar da saƙo ya isa, idan layi ya cunkushe wasu layukan sukan ɓace ba tare da ka sani ba.

Mai tsaron sabar: Na manta ɗaya. Kada ka dogara da adireshin IP (lambar na'ura a netwok) kaɗai, DHCP, tsarin da ke raba waɗannan adireshin, yana iya ba wata na'ura shi gobe. Haɗa shi da rajistar DHCP ta daidai wannan lokacin.

Sabon shiga: Na gode, manyana. Na koma na duba, layin shiga na "admin" yana ɗauke da IP ɗin da aka shigo da shi. Rajistar DHCP ɗinmu ta kwana bakwai ce kawai, bari in kwafe ta kafin ta goge.