Musayar Waƙa: Wai Direba Ne Ya Kashe Alhaji? (Kashi na 14)

Ɗan Ƙofar Mata (Litinin, 8:40 na safe)

Salamu alaikum 'yan zaure. Wanda bai kalli kashi na 14 na shirinmu na daren Lahadi ba ya kau da kai, don zan fasa ƙwai. An tsinci gawar Alhaji, dillalin hatsin nan na Dawanau, a falonsa na sama. An buɗe akwatin kuɗi da makulli, ba fasawa aka yi ba. Ga wuƙa a ƙasa, ga tire da kofi biyu a kan tebur. Sufeto ya kama direba, ya tsare shi kwana 9 yana jibga, har ya dangwala yatsa cewa shi ne. Nan aka ɗauke. Ƙa'ida kamar kullum, da waƙa ake amsawa. Ga nawa:

Jinjina gare ka Sufeto namu,
Namijin da bai san wasa ba,
Mari guda ka kifar da direba,
Bakin da ya ƙi bai sake ƙi ba.

Kwana tara yana ta rantse-rantse,
Wai shi bai taka falon ba,
Da ya ji gora a gadon bayansa,
Bai bar ko ɗigo bai amayar ba.

Uwar Biyu (8:58)

Ɗan Ƙofar Mata rufa mana baki,
Ido gare ka, ina hankalinka?
A ba ni kulki da ɗaki rufaffe,
In sa ka rantse ka saci hularka.

Kofi biyu na tangaran a tire,
Ka gan su ko gyangyaɗi ya ɗauke ka?
Yaushe Alhaji ya sha da direba
A falon sama? Tambayi maigidanka.

Mai Shayin Kwana (9:05)

Hajiya ta gama magana wallahi! A ba ta kujerar Sufeto. Wannan fannina ne, ku matsa:

Shekara goma ina dama shayi,
Kofi yakan gaya min gaskiya,
Na tangaran na na-jiki ne da manya,
Direba na roba, a bakin hanya.
Na kuma ga janbaki a gefen ɗaya,
Ku je ku ƙwanƙwasa ɗakin amarya.

Bazamfariya (9:21)

Mi amarya ta tare muku ne?
Akuya ta ɓace, ku ce amarya,
Miya ta yi tsami, ku ce ita ce,
Gobe ruwa ya ƙi, ku ce amarya.

Wa ke da makulli a bakin zane?
Wa ta san akwatin tun tana yarinya?
Uwargida dai, mai kukan ƙarya,
Ido a bushe, baki na ta hayaniya.

Uwar Biyu (9:26)

Ƙanwata, daga ji ke ta biyu ce,
Zafin da kika ɗauka ya tona ki,
Shekara talatin uwargida na nan,
Bai mutu ba sai da aka kawo irinki.

Bazamfariya (9:29)

Yaya, shekara talatin tana haƙuri,
Tukunyar da ta daɗe ita ka fashewa.

Mai Shayin Kwana (9:31)

Kai! Ƙwar biyu kacal ta rama. Ni dai na janye, ina bayan duk wadda ta ci.

Lauyan Gobe (10:47)

Ku bar kishi, ga abin da doka ta ce:

Sashe na 35 na Tsarin Mulki na 1999 ya ce,
Kwana ɗaya ne tsarewa,
In da kotu cikin kilomita 40 a kai shi,
Kwana 9 kam ya zama cutarwa.
Dokar Shaida ta 2011, sashe na 29,
Ta ce amsar duka abar zubarwa,
Dokar hana azabtarwa ta 2017 kuwa,
Har shekara 25 tana iya ɗaurewa.

Malam Na-Zazzau (11:15)

Inna lillahi. Tun safe nake danne zuciyata, amma wannan ya kai ni bango.

Ku auna kalamai, ku gyara kari,
Ɗiyan nan na zaure, ku bar gaggawa,
Hatsi ma da mudu akan sai da shi,
Bare baituka masu son tsaruwa.

Ina jin ka Lauya kana tuntuɓe,
Kamar mai ƙafa ɗai yana yin rawa,
Da doka da waƙa dukansu awo,
Ka san ɗai, ka bar ɗai cikin damuwa.

Wannan karin waƙa Mutaƙarab ne: fa'ulun fa'ulun fa'ulun fa'al. Buga shi a cinya ka ji. Kai kuwa in aka karanta lambobinka da baki, ɗangonka na farko ya kai gaɓa 30, na biyu gaɓa 8. Ɗan raƙumi da ɗan tsako a turke ɗaya. Shi kuma mai buɗe zaure ya jingina da amsa-amon "ba", wanda ko yaro in ya ƙi aike yana samar da shi.

Ɗan Ƙofar Mata (11:22)

Bazazzagi ya zo da sikelinsa,
Ba a kira shi ba, bai ga shirin ba,
An kashe mutum ana neman hujja,
Shi gaɓa yake ƙirga bai gaji ba.
Ka ce "ba" ta yara ce, to ga ta nan,
Ba zan bar ta ba, ba zan bar ta ba!

Malam Na-Zazzau (11:30)

Na ga shirin sarai. Amma na san dalili: Bakano in ya ji an ce awo sai gabansa ya faɗi, don mudunsa lotsattse ne.

Tsohon Kurtu (12:04)

Ku dakata yara. Ɗana Lauya, ka karanta sashen nan har ƙasa. Ƙaramin sashe na 7 ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, kisan kai da gangan kuwa, sashe na 221 na Final Kod, kundin hukunta laifuka, yana ciki. Sai dai wannan bai ba Sufeto damar ya ajiye mutum a bayan kanta yadda ya ga dama ba. Gaban majistare zai je ya karɓo umarnin tsarewa, wanda dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ce kada ya wuce kwana 14 a karon farko. A shirin ban ga ya taka kotu ba ko sau ɗaya. Batun duka kuwa ka yi gaskiya. Da direba zai ce a gaban alƙali dukansa aka yi, tsayar da shari'ar za a yi, a yi wata shari'ar a cikinta kan takardar kaɗai. Na sha ganin takarda irin wannan ta mutu a nan. Ni ga abin da ya fi ƙona min rai:

Wuƙar nan ita ta tsaya min a wuya,
Mutum huɗu suka shafa da hannunsu,
Sufeto, Saja, Kofur, har maigadi,
Sannan a ce a kai ta gwajin yatsu!
In an bi sawun da ke jikin ƙota,
'Yan sandan ne za su kama kansu.

Lauyan Gobe (12:10)

Baba na karɓi gyara, na rusuna,
Aji uku nake, ban kai nan ba.

Mai Shayin Kwana (12:13)

Baba ya fi kowa yau, duk wanda ya musa ya zo mu haɗu. Kuma tunda ana tonon silili, agogon bangon falon Alhaji ƙarfe 4 yake nunawa tun kashi na 1. Da safe 4, da dare 4. Darakta ya taimaka ya sa masa batir kafin a ce da shi za a gane lokacin kisan.

Ɗan Damagaram (1:36 na rana)

Salamu alaikum bayina Kanawa,
Jikan Kuren Daga ke gaishe ku,
Awa 48 ne tsari a wajenmu,
Kwana tara sai a gidan talabijin ɗinku.

Malam Na-Zazzau kai ma zo nan,
Makaɗan kalangu wa ya koya musu?
Ba su san fa'ulun ba, ba su san fa'al ba,
Sarakuna na tuɓe riga su ba su.

Malam Na-Zazzau (1:52)

Makaɗi yana da ganga tana riƙe masa awo, in ya kauce ta tona shi. Kai da ka ajiye ganga ka ɗauki alƙalami, me zai riƙe ka? Halilu ɗan Ahmadu na Basra kari 15 na waƙar Larabci ya tsara, Ahfashu ya ƙara na 16, malamanmu na ƙasar Hausa suka ɗauki wanda ya dace da harshenmu suka yi wa'azi da shi tun kafin zuwan Turawa. Gaɓa mai nauyi da marar nauyi a bakinka suke, ba daga Basra aka kawo su ba. Ce "dawa" ta jeji, ce "dawa" ta tuwo, ka ji bambancin.

Ɗan Damagaram (1:55)

Na ce dawa, na ce dawa, Malam,
Yunwa kawai na ji, ban ji kari ba.

Ɗiyar Malam (2:03)

Ku yi ta awo, ni ban iya awo ba,
Na kashe kallon tun kan a gama shi.
Ƙanena direba ne kamar wancan,
Kuɗi suka ɓata, aka nuna shi.
Kwana 11 ina kai tuwo kanta,
Ko ta taga ba a bar ni na gan shi.
Ya amsa, ya dangwala, ya ce shi ne,
Da hannun da suka karya mishi.
Ashe ɗan gidan ne ya kwashe kuɗin,
Uban ya ce a rufe, a sallame shi.
Rigar da ya shiga da ita fara ce,
Da na wanke ta, ruwan ja na zubar da shi.

Ɗan Ƙofar Mata (2:04)

Ɗan Damagaram, wa kake kira bawa?
Kuren Daga bai shiga Kano ba,
Ya zo da doki ya koma da ƙura,
Badala ko gezau ba ta yi ba.

Malam Na-Zazzau (2:06)

"Ba" kuma! Allah Ya shirye ka. Ɗangonka na biyu ma ya gurgunce, ƙafa guda ta ɓace.

Bazamfariya (2:07)

Malam ka bar mu da ƙafa da hannu,
Wanda ya ga ƙafar nan ya kai mashi,
Ni dai a kama uwargida tukuna,
Makullin nan a zanenta na gan shi.

Uwar Biyu (2:09)

Gani kika yi ko mafarki, ƙanwata?
Makullin kicin ne, na ajiyar shinkafa.
Janbakin nan fa ba ki ce komai ba,
Kin tsallake shi kamar garwashi a ƙafa.

Lauyan Gobe (2:11)

Malam don Allah duba min wannan, na gyara: "Ina son a gane ana bin awo." Ya hau?

Malam Na-Zazzau (2:12)

Ya hau daram. Ka ga ashe kana iyawa. Saura ka sa masa ma'ana.

Shugaban Zaure (2:40)

Jama'a, kun bi ta kan baitocin Ɗiyar Malam kamar ba ku gani ba. Ku koma sama, ƙarfe 2:03. Maganar kari na rufe ta a nan, mai so ya buɗe mata wuri daban.

Tsohon Kurtu (4:18 na yamma)

'Yata, na karanta sau uku. Ba ni da baiti mai kyau, ga abin da ya samu:

Na yi aikin nan, na san ɗakin,
Na san ƙarar da ke fita cikinsa,
Wani dare na ji, na juya baya,
Na ce ba ni ne mai binciken nasa.
Hujja tana kan mai da'awa ne,
Tun a allo aka koya mana haddarsa.
Allah Ya ba ƙanenki lafiya,
Ya yafe wa wanda ya yi shiru a kansa.

Uwar Biyu (4:30)

Allah Ya saka masa, 'yar'uwa. Ni abin da ya ba ni tsoro jiya ba dukan ba ne, kiɗan da suka sa a ƙarƙashinsa ne, irin na jarumi ya yi nasara. Yarana biyu suna tafi. Sai da na kashe sautin na tambaye su, in direban bai yi ba fa? Babban ya ce ai da bai yi ba da ba a dake shi ba.

Malam Na-Zazzau (6:02)

Ɗiyar Malam, an hana ni maganar kari, kuma ko ba a hana ba babu abin da zan taɓa a naki. Allah Ya ƙara haƙuri.

Mai Shayin Kwana (9:47 na dare)

An saki tallar kashi na 15. Maigadi na gudu da jaka a tashar mota, Sufeto kuma bandejinsa ya tashi daga hannun hagu ya koma na dama. Amarya da uwargida duk suna nan suna harara.

Bazamfariya (9:50)

Maigadi aike shi aka yi, ku rubuta,
Wadda ta aike shi tana da makulli.

Ɗan Ƙofar Mata (Talata, 6:15 na safe)

Yaya Ɗiyar Malam, sai yanzu na gani,
Ina can ina faɗa da Badamagare,
Jinjinar da na yi ta farkon zaure,
Na so in goge, na bar ta a tsare,
Don wanda ya zo ya karanta tawa,
Ya gangaro ya iske taki a jere.
Ya hannun nasa yanzu, ya warke?
Yana tuƙi, ko aikin ya ƙare?

Ɗiyar Malam (7:02)

Yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa har yau,
Da takwas yake tuƙa adaidaita.
Shi ya kalli kashin har ƙarshe jiya,
Ya ce ba haka ake ɗaure hannun ba, sun kuskure ta.