Me za mu kira na'urar da ke shigar da nagatif cikin kwamfuta?

Masu ɗaukar hoto da masu fassara, a taimaka mana da suna. Na'urar nan da ake zura wa nagatif, ta haska shi, ta bi shi layi-layi tana karantawa har hoton ya fito a kwamfuta, har yau ba ta da tsayayyen suna a Hausa.

"Sikana" kaɗai ba ta wadatar ba, wanda ya ji zai ɗauka ta takardun ofis ake nufi, wani ma sikanin asibiti zai tuna. "Sikanar fim" kuwa ta fi rikitarwa, don da an ce fim hankalin kowa wasan kwaikwayo yake tafiya.

Ni dai "majuyin nagatif" na zaɓa, aikin kuma "juyin nagatif". Da ma muna cewa an juya karatu daga wannan littafi zuwa wancan, an juya kaset. Ga shi kuma nagatif a juye yake: wurin haske baƙi, wurin duhu fari, mai launi kuma da wani ruwan lemo a lulluɓe da shi. Sai an sake juya shi fuskar mutum take fitowa daidai.

Babban dalilina shi ne sunan ya bi aikin, domin ita na'urar tana ja da baya. Kamfanin Konica Minolta ya fita daga harkar kyamara a 2006, na'urorinsa na DiMAGE Scan suka tafi da shi. Kamfanin Nikon ma ya daɗe da daina ƙera tasa mai suna Coolscan, sai tsofaffi ake nema a hannun mutane, ana lallaɓa su da manhaja irin VueScan. Kamfanin Plustek dai na ci gaba da fitar da tasa mai suna OpticFilm. Abin ya dame ni, saboda na'urorin nan sun iya aiki: ɗan hoto mai milimita 24 da 36, idan aka karanta shi a ɗigo 4000 kowane inci, yakan ba da ɗigo kusan miliyan 21. Wasunsu har da hasken da ido ba ya gani, mai gano ƙura da ƙarce a goge su, ko da yake ba ya aiki a kan nagatif baƙi da fari na gargajiya.

Nagatif ɗin kuwa na nan jibge a akwatuna, launinsa na koɗewa, kuma ba a daina ɗaukar sabo ba. Yanzu da yawa sai su shimfiɗa shi a kan allo mai haske, su kafa kyamarar dijital a sama, su ɗauka. Babu sikana a nan, amma juyin nagatif ne sak, kuma kyamarar ta zama majuyi.

Inda nake son jin ta bakinku shi ne silaid, wanda hotonsa ke fitowa daidai tun daga wanki. "Majuyi" zai ɗauke shi da ma'anar kwafa, to amma "nagatif" ɗin fa? A bar shi "majuyin hoto" ya haɗa duka, ko a raba?